Tabon da ke Jikin Iya Hansai

Ƙarfe tara na safiyar Litinin wata mata ta sauka daga acaɓa a ƙofar caji ofis, ta wuce teburin karɓar ƙara ba ta ko tsaya ba, ta ce babban ɗan sanda take son gani.

Aka kai ta wurin Sufeto Sada Jibril. Shekararsa goma sha bakwai a aiki, mafi yawansu a ƙauyukan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi. An san shi da yawan tambaya da ƙarancin fushi.

"Sunana Rahama," in ji matar. "An kashe mini uwa a Unguwar Gwadabe, kuma yanzu haka ana shirin kai ta."

"Zauna, Malama. Wa ya kashe ta?"

"Bilki, matar ƙanena. Ita ke jinyarta."

"A gabanki aka yi?"

"Jikinta na gani. Da asuba aka yi mini waya, na taso daga Dandume, na shiga wajen wanka. Da muka yaye zane, hannuwanta da ƙwaurinta duk tabo ne, jini ya kwanta baƙi ƙirin. Yallaɓai, mutum ba ya yin haka sai an doke shi."

Sada ya ɗauki hularsa, ya kira Sajan Rashida, suka shiga mota.

Sun tarar da maza a kan tabarmi a ƙofar gida, makara na jingine da bango. A tsakar gida masara ce shanye, an tattare ta gefe don mata su sami wurin zama. Sada ya yi ta'aziyya, sannan ya keɓe liman da Sule, ɗan marigayiyar kuma mijin Bilki.

"Ku yi mini haƙuri zuwa la'asar. Likita za ta duba ta, in dawo muku da ita da kaina."

Sajan Rashida ta shiga ɗaki ta fito, ta yi ƙasa da murya.

"Tabon na nan, Yallaɓai, da yawa. Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Fuskarta a cike take kamar an hura, ga tozo a bayan wuya, ƙafafu kuwa kamar kara."

Sada ya juya ga Sule. "Me ke damun Iya?"

"Ciwon gaɓɓai ne, ya fi shekara goma. Yatsunta suka kumbura, ko carbi ba ta iya ja. Shekara biyu da suka wuce Allah ya kawo sauƙi, har roron wake take zuwa. Ta yi ƙiba, muka ce lafiya ce ta samu."

"Sai kuma yaya?"

"Kwana goma ke nan ciwon ya dawo. Jiki ya mutu, sai amai, in ta tashi jiri ya kwashe ta. Shekaranjiya zazzaɓi ya shiga. Yau muke shirin kai ta asibiti."

Bilki na rakuɓe a madafa, babu macen da ta zauna kusa da ita.

"Kin taɓa dukan surukarki?" in ji Sada.

"Wallahi ko yatsa ban taɓa ɗaga mata ba. Ko hannunta na riƙe zan tashe ta, gobe sai ka ga shatin yatsuna."

"Wane magani take sha?"

Bilki ta dubi mijinta, ta sunkuyar da kai. "Babu. Sai man zafi."

Sada ya ga kallon. Ya ce Bilki ta biyo su, don ya lura da yadda 'yan matan gidan ke harararta.

A asibiti Dakta Sakinatu ta ɗauki kusan awa guda a kan gawar, sannan ta fito tana cire safar hannu.

"Ba duka ba ne, Sufeto. Babu karaya, babu kumburin bugu. Fatarta ce ta yi siriri kamar ɓawon albasa, ko zane ya goge ta sai jini ya kwanta. Wa ya ɗora matar nan a kan sitiroyid?"

"Mene ne shi?"

"Dangin magani ne, irin su firedinisolon da wanda 'yan kemis ke ce wa deksa. Magani ne mai kyau ƙwarai. Da shi muke kwantar da kumburi, da shi muke ceto mai asma, muna ba masu ciwon gaɓɓai irin nata. Amma da awo ake ba da shi, likita na lura. Wanda ya daɗe yana sha barkatai, ga yadda yake komawa: fuska ta cika, fata ta mutu, ƙashi ya yi rauni."

"Shi ya kashe ta ke nan?"

"Ina zaton rashinsa ne, bisa abin da ka ce ɗanta ya faɗa maka. Jikin mutum na yin irin nasa, daga wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda. In aka daɗe ana ba shi daga waje, sai nasa ya kwanta barci. Ranar da aka yanke rana ɗaya, babu na waje, babu na ciki. Sai kasala, amai, jini ya sauka. In zazzaɓi ya tarar da mutum a haka, sai wani ikon Allah. Shi ya sa ake rage shi kaɗan-kaɗan."

"Danginta sun ce ba ta shan komai."

"To wani bai faɗa maka gaskiya ba."

Aka mai da gawa kafin la'asar kamar yadda ya yi alkawari. Sada ya zaunar da Bilki a ofis, daga ita sai Sajan Rashida.

"Likita ta wanke ki daga duka. Saura ƙaryar da kika yi mini. Mijinki ba ya nan yanzu."

Bilki ta fashe da kuka. Da ta natsu ta ce, "Gari ne, a koko take sha safe da yamma. Maigidan ya hana maganin kasuwa shiga gidansa, Iya ta roƙe ni kada in faɗa. Duk Laraba biyu nake karɓo mata wajen Ɗanasabe Mai Saiwa. Robobin na cikin kwalla, ƙarƙashin gadonta."

"Ta daina sha ne?"

"Ko sau ɗaya ba ta fasa ba. Har jiya sai da na dama mata. Ta dai ce wannan na bayan ba ya ji."

"Wa ya fara kai ta wurinsa?"

Bilki ta ce, "Yaya Rahama ce ta kawo na farko."

Washegari Rashida ta ɗauko robobi biyu daga cikin kwallar. Ɗaya tsohuwa ce mai jan murfi, da ɗan ragowa a gindi. Ɗaya sabuwa mai shuɗin murfi, an sha fiye da rabi. Sada ya ɗebi kaɗan daga kowace ya aika awo, amma ya san sakamako zai ɗauki makonni. Sai ya hau babur ya nufi gidan Sanda, wani tsohon Bamaguje a bayan rafi, wanda babu saiwar da bai sani ba a dajin yankin.

Sanda ya lashi na shuɗin murfin, ya taɓe baki.

"Ɓawon marke ne da citta da 'yar kanwa. Ba ya kashewa, ba ya warkarwa."

Ya lashi na jan murfin, ya tofar. Ya zuba a tafin hannu, ya matsa cikin rana, ya tona da farce.

"Dubi farin nan. Shekarata saba'in ina saran itace, ban taɓa ganin wanda ke dakuwa fari haka ba. Wannan ɗacin na asibiti ne, ɗana."

A hanyar dawowa Sada ya tuna wani abu. Wata guda da ya wuce shi ya raka jami'an lafiya suka rufe wani sito a gari, inda ake sayar da ƙwayoyi katan-katan ba da izini ba. Rabin kayan da suka kwashe deksa ne.

Ya biya gidan makoki ya kira Rahama zaure. Ya ajiye robar a gabanta.

"Kin san wannan?"

"Ban taɓa ganinta ba."

"Malama Rahama, kin tsai da jana'izar mahaifiyarki don a gano gaskiya. Ga ta ta zo."

Ta daɗe tana kallon robar. "Ni na kawo mata," ta ce a hankali. "Na ga yadda ya tashi surukina, Alhaji, bayan ya shekara a kwance. Mene ne a ciki?"

"Har yanzu yana sha?"

"Yana sha."

"Wane irin murfi?"

"Shuɗi. Tun makon jiya yake cewa jikinsa ba daɗi."

"Tashi ki tafi Dandume yanzu. Ku kai shi asibiti yau, da robar a hannu, ki faɗa wa likita abin da ya sami Iya."

Rahama ta miƙe, ta kai ƙofa, ta juyo. "Bilki fa?"

"Tana gidan iyayenta. Wannan tsakaninku ne."

Ranar Laraba da hantsi Sada ya shiga kasuwa cikin farin kaya, takardar izinin bincike a aljihu, Rashida da kurata biyu na biye da shi nesa kaɗan. Bai sha wahalar nema ba. Wata tsohuwar mota ce da lasifika a kanta, tsofaffi sun yi layi, wasu da sanda. Ɗanasabe na tsaye a gaba, kakkaura, da rawani da zobba, yana bayani.

"Gadon kakanni ne, saiwa zalla. Kwana uku ka jefar da sanda."

Sada ya bari ya sauke numfashi, ya nuna masa katinsa, ya ja shi bayan mota.

"Malam Ɗanasabe, ka san Hansai ta Unguwar Gwadabe?"

"Jama'ata da yawa, Yallaɓai. Ban riƙe suna ba."

"Surukarta na zuwa wurinka duk Laraba biyu. Ta rasu shekaranjiya."

"Allah ya jiƙanta. Kwana ne ya ƙare."

"Me kake sa wa a garin nan?"

"Saiwa da ɓawo. Sirrin gidanmu ne."

Sada ya fito da robobin biyu ya jera a kan but ɗin motar. Ya ɗora yatsa a kan mai shuɗin murfi.

"Wannan take sha har ta mutu. Za a auna shi, kuma abin da aka samu a ciki kai za a tambaya."

Fuskar Ɗanasabe ta saki. Ya ɗauki robar, ya buɗe, ya kamfaci garin ya watsa a baki.

"Wannan? A kai shi har Abuja a auna. Wallahi babu ko ƙwaya ɗaya a cikinsa."

"Wa ya yi maganar ƙwaya?"

Ɗanasabe ya tsaya da gari a leɓe.

"Na ce me kake sawa, ka ce saiwa," in ji Sada. "To ga ɗayar. Ɗan lasa mana."

Bai miƙa hannu ba.

Sada ya ba kurata takarda, suka buɗe motar. Ƙarƙashin kujerar baya suka jawo buhu cike da ɓawon ƙwayoyi da aka ɓare, ɗaruruwa, duk deksa. Ga kuma ɗan ƙaramin turmin ƙarfe, cikinsa fari fat.

Ɗanasabe ya zauna a ƙasa, rawaninsa ya zame.

"Yallaɓai, ni taimako na yi. Na yi aiki a kemis, na ga yadda take tashin mai ciwon gwiwa. Saiwa kaɗai ba ta kawo kowa. Da aka rufe siton na rasa inda zan samu, sai na ci gaba da na itacen, na canza murfi don in riƙa ganewa. Ita ai wanda ba komai a ciki ta sha."

"Shi ya kashe ta. Ka shekara biyu kana ɗura mata magani ba awo, ba ta sani ba, sannan ka yanke mata rana ɗaya."

"Ban san yana yin haka ba."

"Na yarda ba ka sani ba. Mutum nawa ke karɓa a wurinka?"

"A kasuwa huɗu... za su kai ɗari biyu."

Sada ya dubi layin tsofaffin. Ya ga fuskoki uku ko huɗu a cike, masu sheƙi, ya ga wani dattijo ya jingina da rumfa yana haki. Ya ciro makirfon ya miƙa wa Ɗanasabe.

"Ni in na faɗa, cewa za su yi hassada ce. Kai suka yarda da kai. Faɗa musu abin da ke ciki, ka ce duk wanda ya daɗe yana sha ya tafi asibiti yau da robarsa."

Ɗanasabe ya riƙe makirfon da hannu biyu. Ya faɗa, Sada ya sa ya maimaita har sau uku. Masu awon hatsi suka tsaya da tiya a hannu. Layin ya watse, aka yo kan motar, kurata suka tare.

Dattijon nan mai haki ya matso, ya kama hannun rigar Sada.

"Ɗana, to gwiwar tawa fa? Shi kaɗai ya taɓa yi mini."

"Maganin na nan a asibiti, Baba, na gaskiya, da awo. Likita na jiranku, na yi mata waya."

Ya sa Rashida ta tsai da a-kori-kura ta kwashi waɗanda ba sa iya tafiya, dattijon a gaba. Shi kuma ya sa wa Ɗanasabe ankwa da kansa, ya bi da shi ta tsakiyar kasuwa, ta layin 'yan hatsi, har bakin titi inda motar 'yan sanda ke jira.