Tekun da Ya Biyo Rabo Kwarin Aƙiƙ

Da la'asar sakaliya Rabo yake kora tumaki cikin kwarin Aƙiƙ. Tumakin na Ƙasimu Maiturare ne, kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, wanda kakanninsa suka zo hajji da ƙafa suka zauna a Madina. Shi kuwa Rabo mutumin Tawa ne ta Nijar, iƙama ce, wato takardar izinin zama, ta ajiye shi a garin, ba dangi ba. Ɗakinsa na jikin garke, kuma in ka ɗebe tumakin, babu mai jin muryarsa daga safe har dare.

Abu ɗaya ya mallaka a duniya: labarin teku. Da ya gama aikin soja a zamanin Faransa, wani hafsa ya kai shi gonar mahaifinsa a Normandi, can ƙasar Faransa, ya yi shekaru yana kiwo a bakin gaɓa. Can akwai dutse a tsakiyar ruwa, Dutsen San Mishel, da gari a jikinsa da tsohon coci a ƙololuwa. Teku yakan janye har ido ya daina ganinsa, ya bar yashi mai laima, sannan ya dawo a guje. Tumaki na cin ciyawar da ruwan gishiri ya wanke, har namansu ya ɗauki ɗanɗanon. Baƙi kuwa motoci-motoci suke zuwa, su tuɓe takalma, su bi jagora mai sanda su ratsa yashin zuwa dutsen. A can ne tsohon manomin, uban hafsan, yake zaunar da Rabo su ci abinci a teburi ɗaya. Tun daga nan bai sake samun wanda ya ja masa kujera ba.

To, labari sai da mai saurare, shi kuwa Rabo ba shi da ko ɗaya.

"Ya ammi Rabo, teku ya tafi ya dawo, ɗan aike ne?" in ji Ƙasimu yana dariya, da "ammi" ɗinsa na Larabci, wato baffa. "Halas, ya isa haka. Yalla, maza ba tumaki ruwa."

Rabo yakan yi murmushi ya ɗauki bokiti. Abin yana yi masa ciwo ƙwarai.

Wata yamma cikin sanyin hunturu, ya tarar da wani mutum zaune kan dutse a tsakiyar kwarin, ya lulluɓe da bargo mai ruwan toka. Rabo ya yi sallama. Mutumin bai amsa ba, sai dai ya ce a hankali, da Hausar Tawa tsantsa:

"Kai ne wanda ya ga teku? Zauna ka ba ni."

Mai yunwa ba ya tambayar wa ya dafa. Rabo ya zauna. Ya ba shi labarin ciyawar gishiri da tumaki masu baƙar fuska, mutumin yana gyaɗa kai, bai katse shi ko sau ɗaya ba. Rabo ya koma gida zuciyarsa wasai. Sai da ya kwanta ya nemi ya tuna launin ciyawar nan, ya kasa. Ya ce tsufa ne.

Kashegari ya ba da labarin itatuwan tuffa da shanun gonar. Wata ran kuma labarin matan da ke kaɗa ƙwai a kwanon jan ƙarfe don baƙi. Duk abin da ya faɗa da yamma, da safe ya neme shi ya rasa, kamar an zare masa daga aljihu. Ya lura, ba wai bai lura ba. Amma ga mutum yana jiransa kullum, abin da bai samu ba shekara da shekaru. Ya ci gaba da zuwa.

Ranar da abin ya faru, hadari ya haɗu can kudu kan duwatsu, nesa sosai, ko ɗigo bai sauka a Madina ba. Rana ta yi ja. Rabo ya gama ba da labarin tsohon manomin, fuskarsa da tarinsa da yadda yake yanka burodi a ƙirji. Yana rufe baki fuskar ta ɓace masa.

"Saura me?" mutumin ya tambaya cikin raɗa.

"Saura dutsen."

"Wannan ba sai ka faɗa ba. Tashi ka gani."

Sai wari ya bugi hancin Rabo. Gishiri, laka, ruɓaɓɓen ganyen teku. A Madina, inda teku ke bayan duwatsu, tafiya mai nisa.

Hazo mai laima ya cika kwarin. Itatuwan dabinon bakin gaɓa suka ɓace. Can gaba, a kan yashi mai sheƙi, ga dutsen tsaye, fitilunsa na kunnuwa ɗaya bayan ɗaya.

Hawaye ya zubo wa Rabo.

"Teku ya janye," in ji mutumin. "Zo. An ja maka kujera."

Rabo ya sunkuya ya tuɓe takalmansa, don ba a ratsa wannan yashin da takalmi. Ya bi shi.

Mutumin na gaba, bargonsa na jan ƙasa. Rabo ya dubi sawunsa. Kowane sawu yana cika da ruwa.

Yashin ya yi sanyi. Sannan tafin ƙafarsa ya ji wani abu da mai takalmi ba zai ji ba. Ƙasa na rawa. Kaɗan-kaɗan, daga nesa.

Ya san wannan rawar. Ruwa ne ke zuwa.

Ya waiwaya. Tumakin sun daina kiwo. Duk sun ɗaga kai, sun juya gefe guda, suna hawa gaɓa a jere ba mai kora su.

Fuskar tsohon ta tafi, amma akwai maganarsa ɗaya da Rabo bai taɓa ba kowa ba: in hazo ya sauka, kada ka bi murya, ko ta uwarka ce. Bi tumaki, bi ƙararrawar coci.

"Rabo." Muryar na bayan kunnensa yanzu. "Wa kake da shi a can Madina?"

Babu kowa. Gaskiya ne, kuma ita ta tsayar da shi. Yashi ya kama idon sawunsa.

Sai daga bayan hazon, siririya, muryar ladanin wani ƙaramin masallaci ta taso. Magariba.

Ya fizge ƙafa. Ya ruga wajen kiran sallar yana a'uziyya.

Ƙugi ya taso daga kudu.

Wani abu mai sanyi ya kama bakin rigarsa. Rigar ta yage.

Ya dafa dutsen gaɓa, ya ja jiki sama tsakanin ƙafafun tumaki. Ambaliya ta wuce ƙarƙashinsa, jajir, da kututturan dabino da duwatsu suna gwaruwa. Babu hazo, babu fitilu, babu mai bargo.

Da Ƙasimu ya iso da mota hankali tashe, ya tarar da tumakinsa cif, ko ɗaya bai ɓata ba. Ya rungume Rabo yana ta "Alhamdulillah, ya ammi." Farin gishirin da ya bushe a ƙafafun Rabo har gwiwa, babu wanda ya ce komai a kansa.

Bayan kwana biyu Hajiya Sabuwa, mahaifiyar Ƙasimu, ta aika a kira shi gidansu a unguwar Sih. Karo na farko ke nan da ya wuce ƙofa. Aka shimfiɗa masa darduma, aka zuba shayi, 'yan gida suka kewaye shi.

"Malam Rabo, an ce ƙafarka ta ji ruwa kafin kunne," in ji tsohuwar. "Mun daɗe muna yi maka dariya, ka yafe mana. Yau dai ba mu labarin tekun nan, tun daga farko. Muna ji."

Rabo ya ajiye kofin. Ya buɗe baki. Ya nemi ciyawar, ya nemi gonar, ya nemi tsohon, ya nemi dutsen kansa. Suna ta jira, shayi na hucewa.

"Hajiya," ya ce, "na riga na bayar."