Lambatun Bayan Kwari

"Bahauddeen! Kai ne ka ƙi aikina?"

Ban damu da waɗanda suka juyo ba. Mutum sun fi sittin a zauren otal ɗin nan na Sabon Gari, kowa da laftof a gabansa, wasu daga Legas, wasu daga Yamai, har da wata Baturiya mai furfura da ke fama da yajin kilishi tun safe. Duk sun ji ni.

A jikin bango majigi ya hasko taswirar Fagge. Ga sunana a gefe, ga jan tambari a kansa.

An ƙi.

Bahauddeen ya miƙe a hankali, ya cire tabarau.

"Raudha, mu fita waje."

"Ba inda za ni! A nan ka ƙi shi, a nan za ka gaya mini dalili."

"Na rubuta dalilin a ƙasa."

"Na gani. 'Layin bai kai ƙarshe ba.' Wannan ne dalili? Wata huɗu ina tsallake kwata, ka share ni da kalma biyar?"

Taron na kwana uku ne, ranar nan ta biyu. Mu masu rubuta manhajar taswira ne, irin wadda kowa ke iya buɗewa ya gani, ya gyara, ya ɗauka kyauta. Doka ɗaya muke riƙe da ita kamar farilla: ba wanda ke shigar da aikinsa da hannunsa. Sai wani ya duba ya amince, sunansa ya zauna kusa da naka har abada.

Mai duba duk aikin yankin Fagge kuwa shi ne Bahauddeen, wanda saura wata biyu a ɗaura mana aure.

Aikina ba mai wuyar fahimta ba ne. Akwai tsohon lambatu da ya taso daga bayan Kantin Kwari ya ratsa unguwarmu. Duk damina ruwa ke cika layin teloli har gwiwa, ya shiga ɗakunan mata ya jiƙe katifu. Na bi lambatun da ƙafa na zana shi, na rubuta 'yar manhaja da ke shafa ja a kan duk ginin da ya hau hanyar ruwan.

Gini mafi girma da ya yi ja shi ne siton atamfa na Alhaji Hamzat.

Mahaifinsa.

"Ka faɗa kawai," na ce. "Ka ce tsoron Alhaji kake ji."

"Ina jin tsoronsa mana. Ubana ne." Ya sassauta murya. "Amma ba don shi na ƙi ba, rabin raina."

"Kar ka kira ni haka a gaban jan tambarinka!"

Na rufe laftof na fice. A bakin ƙofa Jawahir na zaune a teburin rubuta sunayen mahalarta. 'Yar ƙanwar mahaifiyarsa ce, wadda tun suna yara ake ce mata matar Baha. Ta yi mini murmushi mai sanyi.

"Amarya, tun yanzu? Ai ba a raba shinkafar ba."

Na wuce ta.

Chinenye ce ta cim mini a wajen masu adaidaita. A Sabon Gari aka haife ta, tare muka koyi kwamfuta, Hausar bakinta ta fi ta wasu Kanawan.

"Ke, tsaya! Wannan sauri kamar an ce ana rabon miji a Fagge?"

"Bar ni, Chinenye."

"Ji mana. Ni ma ina da ikon dubawa. Ki turo mini, minti biyar na amince. Aikinki ya shiga, sunan Baha bai fito ba, Alhaji ba shi da abin da zai kama ɗansa da shi. Kowa ya sha."

Na tsaya. Wallahi maganar ta shige ni.

Wane haƙƙi nake da shi in sa ɗa ya sa hannu a kan ubansa? In ina son sa, ba rufa masa asiri ya kamata in yi ba?

Amma in ya ɓuya yau, gobe fa? Zan zauna da mutumin da ke barin ni in ɗauki gaskiya ni kaɗai, shi ya tsaya gefe da fararen kaya?

"A'a," na ce. "Shi zai sa hannu. Ko ya ƙi a idon duniya."

"Taurin kai! Allah ya ba Baha haƙuri."

Da na isa gida kafin la'asar, na tarar da takalma masu tsada a ƙofar ɗakin Inna. Hajiya Kubura ce, mahaifiyar Bahauddeen. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa ba, sai ta miƙo mini wayarta.

Hoton taswirata ne, an ɗauke shi daga bangon zauren taro. Ba sai an gaya mini wadda ta turo ba.

"Ke kika yi wannan?"

"Ni ce, Hajiya."

"Tun ba ki shigo gidan ba kin fara nuna wa hukuma inda za ta rushe? Kin san 'yan tsara birni suna kallon abin nan naku?"

"Suna kallo, Hajiya."

"To ki ji saƙon Alhaji. Ki goge. In gobe ta yi wannan jan abu na nan, lefe ba zai fito daga gidana ba."

Inna ta kama hannuna ta matse.

"Za ta goge, Hajiya. Yarinta ce."

"Inna, ba zan goge ba."

"Raudha!"

"Ba ni na gina siton ba. Ba ni na haƙa lambatun ba. Abin da ke ƙasa na zana."

Hajiya ta miƙe, ta gyara mayafi, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Akwai 'yan mata a dangi da suka san darajar manya," ta ce, ta fita.

Inna ta zauna tana kuka. Ni ko hawaye ban yi ba. Ji nake ni ce kaɗai mai gaskiya a duk faɗin Fagge.

Washegari da hantsi yana tsaye a ƙofar gidanmu, ya naɗe ƙafar wando, tef ɗin awo a hannunsa.

"Zo mu bi layinki," ya ce.

"Na bi shi sau ashirin."

"Ki ƙara ɗaya, don ni."

Muka taka har bayan Kwari, masu dako na ta kai da kawo da dilolin yadi a ka. A bayan siton mahaifinsa ya tsuguna, ya ba ni bakin tef ɗin na riƙe. Yaran shagon suna kallonsa, bai ɗaga kai ba.

"Mita biyu da rabi," ya ce. "Daidai da abin da kika rubuta. Ba ki zalunce shi ba."

"To me ya hana ka amincewa?"

"Mu ci gaba."

Muka wuce layin teloli. Muka wuce injin niƙa. A kwanar masallaci na tsaya.

"Nan ne ƙarshe."

"Nan ne ƙarshen zanenki," ya ce. "Ruwan fa? Nan yake tsayawa ya yi sallah?"

Na kau da kai daga ɗan lungun da ke gefen masallacin.

Ya shiga ɗan lungun, na bi shi. Lambatun ya karkata hagu, ya yi tafiyar da ba ta fi taku talatin ba, sai ya shige ƙarƙashin wani bango mai shuɗin fenti. Hayaƙi na fita ta tagarsa, ƙamshin daddawa na tashi.

Kicin ɗin Inna.

Ya tsaya a gindin bangon.

"Ƙarami ne..." na fara. "Ba kamar sito ba ne. Ko mita ɗaya bai..."

"Kin auna?"

Ban auna ba. Sau ashirin na zo kwanar nan, sau ashirin na gaya wa kaina rana ta yi, gobe zan ƙarasa. Shekara goma sha biyu Inna ta yi tana girki a tsakar gida, ruwa na kashe mata wuta, kafin Baba ya gina mata ɗakin nan da ya yi ritaya daga koyarwa. Ranar da ta fara shiga, rawa ta yi.

"Kwana uku ban iya cin abinci ba," ya ce. "Na shirya sa hannu a kan ubana, Raudha. Na gama kukan da zan yi. Sai na zo duba layin da ƙafata, kamar yadda doka ta ce, na ga inda kika tsaya."

"Me ya sa ba ka faɗa jiya ba?"

"A gaban mutum sittin? In ce amaryata ta ga na uban wani, ta rufe ido a kan na uwarta?"

Na jingina da bangon. Ɗumin wutar Inna na ratsa bayana.

"Masoyiyata," ya ce, "hanya biyu ce. Ki janye aikin gaba ɗaya, kicin ya tsira, sito ya tsira, aurenmu ya tsira, teloli su ci gaba da kwasar ruwa. Ba zan taɓa goranta miki ba. Ko ki ƙarasa layin. Amma rabin gaskiya, wallahi ko za ki fasa aurena ba zan sa mata hannu ba."

Na share idona da gefen hijabi.

"Ba ni tef ɗin."

Santimita tamanin.

Baba na zaure yana karatu na same shi. Mahaifina Malam Abdurra'uf bai cika magana ba, ya saurare ni har na gama, ya rufe littafin.

"Ni na sa aka zuba dakalin siminti a kan lambatun," ya ce. "Na san abin da ke ƙasa. Magini ya ce mini kowa haka yake yi, ni kuma na so in ji haka."

"In zana, Baba?"

"Da izinina kika zana na Alhaji Hamzat?"

Na sunkuyar da kai.

"Ki zana. Amma ba ni zan gaya wa uwarki ba. Ke za ki shiga."

Na shiga. Tana tuƙa tuwo na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, ba ta juyo ba. Ta ci gaba da tuƙi, sai ta ce, "Fita mini daga ɗaki tun yana nan."

Da na san zagi zai fi wannan sauƙi, da na roƙe ta ta zage ni.

Ƙarfe uku na rana, saura awa ɗaya a rufe taro, na sake tura aikin. Da aka kira sunana na fita gaba, na karɓi abin magana.

"Jiya na yi wa wani ihu a nan," na ce. "Shi ne mai gaskiya. Wannan babban jan, siton surukina ne. Wannan ƙaramin, kicin ɗin mahaifiyata ne. Jiya babu shi, don na ɓoye."



Kowa ya koma kallon Bahauddeen. Jawahir ta bar teburinta ta zo ta tsaya a bayansa, waya a ɗage.

"Yaya Baha, Alhaji na kan layi," ta ce. "Yana ji."

Ya kalli wayar. Ya ɗora yatsa a kan laftof.

"Baba, ka yafe mini," ya ce da ƙarfi. "Na auna da hannuna."

Ya danna.

Tambarin ya koma kore. Sunansa ya fito kusa da nawa.

Chinenye ta yi guɗa irin wadda ban taɓa sanin ta iya ba.

Lefe bai zo ba. Ranar auren ta zo ta wuce. Baba bai jira hukuma ba, ya kira magini aka rushe bangon kicin, Inna ta koma girki ƙarƙashin langa-langa, ta yi wata guda in na gaishe ta sai ta amsa wa tukunya. Bahauddeen ya bar gidansu ya koma ɗakin wani abokinsa a Sabon Gari, amma kullum da safe yana zuwa ya durƙusa a ƙofar falon Alhaji, ya yi gaisuwa, a ƙyale shi, ya tashi.

Wata biyar yana haka.

Maganar ta zaga Kwari. Malamin makaranta ya rushe nasa, Alhaji na zaune a kan nasa. Ban san ko kunya ce ko gajiya ba, amma wata Juma'a ya aiko ƙaninsa, Alhaji Salmanu, ya karɓa wa Bahauddeen aurena. Shi bai zo ba.

Bayan sati muka je gaida shi. Na durƙusa nesa da kujerarsa, na gaishe shi sau biyu. Yana ta jan carbi.

"Ke ce mai taswira?"

"Ni ce, Baba."

"Nawa kika ce na ci?"

"Mita biyu da rabi."

"Na ubanki fa?"

"Santimita tamanin. Ya rushe."

"Na ji." Ya dube ni a karon farko. "To ni ba zan rushe ba."

Bahauddeen ya ɗan taɓa gefen mayafina, alamar in yi shiru.

"Allah ya ƙara girma, Baba," na ce. "Ni ma ba zan goge ba."

Carbin ya tsaya. Hajiya Kubura ta dafe ƙirji a bakin ƙofa.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya wajen matarsa.

"Hajiya, kin bar 'yar mutane a kan tayil. A kawo mata darduma, a zubo musu abinci."