Mai Ciyar da Cilakowa

A kasuwar Dakoro Sallau ya fara ganin Hamdiya tana sayar da gyaɗa. Ya saya, ya zagayo ya ƙara saye, shi da gyaɗa ke ɓata wa ciki. Kafin gero ya fitar da kai, ita ce "Tawan", shi ne "Sanyina".

Amma mahaifinta Malam Cindo ya kafe. Ga babbar 'yarsa Laila nan a gida, mijinta ya tafi ci-rani Aljeriya, shiru har yau.

"Ba ni ƙara ba ɗan ci-rani ɗiya," in ji shi. "Ana gama girbi shi ma tahiya zai yi."

Ana cikin haka Sallau ya rage zuwa zance. Yazidu mai shago, wanda shi ma yake neman Hamdiya, bai yi sanya ba.

"Kullum yana bayan gonaki," ya ce mata. "Tambaye shi wa yake kai ma abinci."

Hankalinta ya tashi, ta tura saƙo: "Sanyina, in ka samu wata ka gaya mini. Tsoro nike ji in zama Laila."

Amsa ta zo: "Tawan, akwai wadda nike ciyarwa. Ki zo gindin gawon gonarmu gobe."

Ta sha kuka, ta nuna wa mahaifinta. Ya ce su je tare, a yi ta ta ƙare.

Suka tarar da Sallau a kan reshe da leda cike da fara, yana turawa ta wata 'yar tsaga a jikin gawon. Wani jan bakin tsuntsu yana leƙowa yana cafkewa.

Sallau ya ce, "Cilakowa ce, Baba. In za ta yi ƙwai, kogo take shiga ta liƙe ƙohwa, namijin ke ciyar da ita. Wani ya harbe shi. In na bari, da ita da ɗiyanta mutuwa za su yi."

Malam Cindo ya ce, "Motar Agadas ta 'yan ci-rani hwa? Abokanka ba su jira girbi ba, sun tahi."

"Sun tahi. Ita don ta yarda da shi ta shiga. Ƙaƙa zan bar ta?"

Malam Cindo ya sunkuya, ya tsinci farar da ta faɗo, ya miƙa masa.

"Turo magabatanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Laila ce ta sa wa amarya lalle, tana murmushi, hawaye na zuba.

"Allah shi ba ku zaman lahiya, ƙanwata," ta ce. "Ke kam shiga ɗakinki, naki mai dawowa ne."