Jinin da Mama Ta Ƙi

"Wallahi jininki ba zai shiga jikin ɗana ba!"

Mama ce, mahaifiyar Dogo, ta baje hannuwa ta tare ƙofar ɗakin ɗibar jini.

Dogo shi ne wanda zan aura. Aikinsa kafa farantan sola a saman gidaje, kuma da hantsin ranar tsani ya zame da shi. Likita ta ce jini na zuba a cikinsa, dole a yi masa tiyata, ga shi irin jininsa ya ƙare a asibitin. An gwada na ƙannensa, bai dace ba. Aka gwada nawa, ya dace.

Lele kuwa, 'yar ƙanwar Mama da aka daɗe ana yi wa tanadin Dogo, da aka ce ta miƙo hannu cewa ta yi allura na sa ta jiri. Amma idonta bai yi jiri ba. Da aka kira azahar kowa ya tafi alwala, sai ta gan ni zaune ina gadin jakunkuna. Nan take ta kai rahoto.

"Fashin salla take, Mama," ta sake faɗa, har da toshe hanci. "Jikinta duk jinin datti ne yanzu."

"Kin ji ko?" in ji Mama. "Ƙazantar da jiki ke korarwa za ki ɗura masa? Ina raye?"

Kunya ta kama ni, don har masu jiran layi sun juyo. Daga baya kunyar ta koma fushi. Ni da nake koyar da 'yan mata ilimin jikin ɗan Adam, nake hana su ɓoye fuska kan wannan magana, yau ni za a sa na sunkuyar da kai?

"Mama, ki yi haƙuri, ba haka ba ne."

"Au, darasi za ki ba ni, Malama?"

"E, tunda rai ake magana!"

Ƙannensa suka zaro ido. Ban taɓa ɗaga mata murya ba, ko kallon tsakiyar idonta ban taɓa yi ba.

"Jinin al'ada daban, na jijiya daban," na ce. "Duk wata mahaifa tana yin shimfiɗa, ko za a samu ciki. In ba a samu ba, sai ta yaye shimfiɗar. Ita ce ke fitowa, haɗe da ɗan jini da majina. Shi ya sa yake da duhu da yauƙi, ba kamar na yankan wuƙa ba. Ba dattin jiki ba ne, Mama, kuma ba ya komawa jijiya. Wanda ke hannun nan nawa, yadda yake jiya haka yake yau."

Nas ɗin da ke riƙe da ledar jinin ta gyaɗa kai. "Mun auna, jininta bai yi ƙasa ba, za ta iya bayarwa. Don Allah ku ba mu hanya, lokaci na tafiya."

"Ƙazanta dai ƙazanta ce," in ji Lele.

Ko kallonta ban yi ba.

"Mama... wannan shimfiɗar da ake toshe wa hanci, a kan irinta Dogo ya kwanta wata tara a cikinki."

Na ga laɓɓanta na motsi, na ɗauka ta sauko. Ashe ba ta sauko ba.

"In kika wuce ƙofar nan, babu ke babu auren ɗana."

Daidai lokacin aka turo Dogo a kan gado, fuskarsa ta yi fari fat. Ya ɗan buɗe ido, da ƙyar ya gane ni.

"Hasken idona... kuka kike?"

"Wa ya ce maka? Rufe ido, rabin raina."

Ina son auren nan, Allah ya sani. Har labulen ɗakinmu na zaɓa. Amma me zan yi da labule in babu Dogo?

"Na ji, Mama. Ki riƙe auren, ni ki bar min ransa."

Na sunkuya ta ƙarƙashin hannunta na shige.

An yi tiyata lafiya. Da na ji ya farfaɗo, na ɗauki jakata na tafi gida, don ni ba na magana biyu. Ya yi ta kira, ina kallon wayar ina hawaye, ban ɗauka ba.

Ba a rufa kwana uku ba, ina ɗakin malamai ina gyaran jarrabawa, sai ga sallamar Mama. Ita kaɗai, babu Lele. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon silin.

"Ya ƙi cin abinci," ta ce. "Wai sai mai jinin ta zo."

Na miƙe na jawo mata kujera.

"Na je na tambayi likitar da kaina. Abin da kika faɗa shi ta faɗa." Ta gyara mayafi. "Sai dai ita ba ta yi min tsawa ba."

"Ki yafe min tsawar, Mama. Maganar kuwa ba zan janye ba."

"Wa ya ce ki janye? Ni haka aka gaya min tun ina yarinya, ko tulun ruwa ba a bari na taɓa. Babu wanda ya taɓa ce min shimfiɗa ce." Ta share ido da gefen mayafi. "Da na kashe ɗana da hannuna, 'yar nan..."

Na so na rungume ta, amma taurin kaina bai gama sakina ba.

"Mama, gara ki sani, yau ma ban yi wankan tsarki ba tukuna."

Ta harare ni, ta kamo hannuna, wanda har yanzu da shaidar allura a jikinsa.

"Na tambaye ki? Tashi mu je, mijinki na jin yunwa."