Allon Tagullar Tsohuwa

Sufeto bai gama kurɓar shayinsa na safe ba Kofur ya leƙo ofis yana danne dariya.

"Yallaɓai, wani dattijo ne a kanta. Wai an yi masa sata a cikin motar da ta girme ni da kai."

Dattijon tsohon hedimasta ne, dogo siriri, da gilashi mai kaurin gindin kwalba. 'Yarsa Auta ce ke riƙe da hannunsa, shi kuma yana nuna kamar shi ne yake riƙe da ita. Bai jira an ba shi kujera ba ya fara bayani, da muryar wanda ya saba aji ya yi tsit idan ya buɗe baki.

"Motar soja ce, Sufeto, ta zamanin yaƙin duniya. A filin mai tsoffin ƙarafa na tsinto ta, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Shekaru muna gyaranta ni da abokina Sifana. Muna kiranta Tsohuwa. Jiya injinta ya tashi, yau da safe na je na tarar an cire mata allo."

"Wane irin allo, Baba?"

"Ɗan allon tagulla ne, bai kai tafin hannunka ba. Kamfani ke ɗaura shi kusa da sitiyari, a jikinsa ake buga lambar mota. Mahaifina direban soja ne, Allah ya jiƙansa. Lambar motarsa a ka ya haddace ta, har rera mana ita yake yi muna yara. Ina kyautata zaton wannan ce motarsa. Allon ne kaɗai zai tabbatar."

"To me lambar allon ta ce?"

Hedimasta ya ɗan sunkuyar da kai. "Ban taɓa karantawa ba. Fenti kan fenti ya rufe ta. Na hana kowa kankarewa, na ce sai ranar da injin ya tashi."

"Duk shekarun nan, Baba? Me ya sa?"

"Tsoro, ɗana."

Auta ta ƙara da cewa likita ya faɗa musu ganin Baba raguwa yake yi, kuma ba zai dawo ba. Burinsa ya karanta lambar nan da idonsa tun yana iyawa. Sufeto ya ture kofin shayin ya ɗauki hularsa. Ya sha binciken satar da ta fi wannan tsada nesa ba kusa ba, amma dattijon ya shiga ransa.

Garejin yana bayan gidan Hedimasta, rumfar kwano ce mai ƙofar ƙarfe. Tsohuwa tana tsaye a tsakiya da koren fentinta marar ƙyalli, doguwar hanci, manyan tayoyi, da tampol a baya. Kusa da ita wani gajeren tsoho mai ƙiba yana goge abin da ya riga ya gogu. Shi ne Sifana makanike, abokin Hedimasta tun suna firamare.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai. Ɓarayin zamani ke nan, ba su bar babba ba, ba su bar yaro ba."

Sufeto ya duba kwaɗon ƙofa, lafiyarsa lau. Ya duba teburin aiki. Ga injin walda, ga sabon batir, ga akwatin sifanu, ba abin da aka taɓa. Ya hau motar da ƙyar, don matakinta sai mai ƙarfin gwiwa, ya zauna a kujerar direba. Gwiwoyinsa suka tokare sitiyari.

"An ɗaga kujerar," in ji Hedimasta daga ƙasa, da alfahari. "Dubi tsohuwar waldar da ke ƙarƙashi. Mahaifina gajere ne, ya ce da kansa ya sa aka ɗaga masa."

A ransa Sufeto ya ce gajerun direbobi ai ba su taɓa ƙaranci a duniya ba, amma wannan ba maganar da ake faɗa wa dattijo ba ce.

Gurbin allon yana nan a fili, ɗan murabba'i mai duhu. Babu ƙarzuwa ko ɗaya a fentin da ke kewaye. Ya shafa wurin da yatsa ya sunsuna, ya ji warin kananzir da mai. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne notunan da suka riƙe allon. Suna nan a ramukansu, an mayar an ɗaure.

"Kofur, ka taɓa ganin ɓarawon da ya gama sata ya tsaya mayar da noti?"

"Wataƙila mai tarbiyya ne, Yallaɓai."

"Wa ke shiga nan ban da ku?" Sufeto ya tambayi Sifana.

Sifana ya sosa ƙeya. "To... Mai Ƙarafa, wanda aka samo motar a filinsa, yakan leƙo. Amma ni ban ce shi ne ba."

Kofur dai rabin magana ya ishe shi. Kafin Sufeto ya koma ofis, har ya kwaso Mai Ƙarafa ya ajiye a bayan kanta, mutumin yana ta rantse-rantse da man inji har gwiwar hannu.

"Wallahi Yallaɓai rabona da garejin nan tun bara!"

"Maƙwabta sun gan ka jiya da yamma da abu a buhu."

"To, na je. Fitila na kai musu, na ce ta asali ce. Sifana ya juya ta ya ce ƙirar bana ce na jiƙa a ruwan gishiri don ta yi tsatsa. Ya kore ni a gaban mutane. Kunya ce ta sa na ɓoye, Yallaɓai."

"Sai ka huce a kan allon."

"Ni? Tagullar da ba ta cika aljihu ba? Kuma da ni ne, kurfi da guduma zan sa, bugu ɗaya. Notunan nan sun yi tsatsar shekaru, wanda zai kwance su lafiya sai ya yi kwanaki yana ɗiga musu mai. Ina na ga wannan haƙurin?" Sai ya ɗaga yatsa. "Af, tun da maganar tagulla ake, Sifana ya zo wurina makon jiya. Guntun tsohuwar tagulla ya nema, da ƙarafan buga lamba."

"Ya ce me zai yi da su?"

"Wai makullin gida zai yi wa alama."

Sufeto ya sa aka kawo wa Mai Ƙarafa ruwa, ya harari Kofur, sannan ya koma gidan Hedimasta. A tsakar gida ya sami Auta tana shanya.

"Makullin garejin nawa ne?"

"Ɗaya ne, yana wurin Baba."

"Baba da ba ya ganin ramin kwaɗo, shi yake buɗewa kullum?"

Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Yi haƙuri, Yallaɓai. Akwai na biyu, ni na yanka wa Kawu Sifana ba da sanin Baba ba, don kada ya riƙa tsayuwa a rana yana jiransa. Na ji tsoron a zarge shi ne. Mutumin da ya goya ni a bayansa! Ya gwammace ya yanke hannunsa da ya cuci Baba."

"Ya yake a 'yan kwanakin nan?"

"Ya canza. Da in sun haɗu sai ka toshe kunne, wannan ya ce wa wannan makaho, wannan ya ce wa wannan tulu. Yanzu ko Baba ya tsokane shi ba ya ramawa. Abinci ma sai ya maido min da rabi, Kawu da ke suɗe kwano."

Da Sufeto ya shiga garejin, tsofaffin biyu suna zaune a benci ɗaya, kowa ya yi tagumi. Ya zaga motar a hankali, hannuwa a baya. Ya duba notunan ƙofa, na madubi, na murfin fitila. Irin na da ne masu tsaga ɗaya a ka, kuma kowace tsaga a tsaye take, daga sama zuwa ƙasa, kamar sojoji a fareti.

"Baba, haka kamfani ke ɗaure noti, duk tsaga a tsaye?"

Hedimasta ya yi dariyar farko a ranar. "Ina! Wannan haukan Sifana ne. Wai in tsagar tana kwance ruwa zai zauna a ciki ya kawo tsatsa. Ko ƙofar banɗakina ya gyara sai ya jera su haka. Na ce masa ciwo ne, ya je asibiti."

"Ni ma na ga alama," in ji Sufeto. Ya juya wajen Sifana. "Baba makanike, taso mu hau."

Suka hau, Sifana yana nishi. Sufeto ya nuna masa gurbin allon da notunan da aka mayar. Tsagoginsu duk a tsaye suke, ba wadda ta karkace.

"Wanda ya cire allon nan ya yi kwanaki yana ɗiga wa notuna mai don kada su karye. Ya kiyaye fenti. Da ya gama, hannunsa bai yarda ya bar ramuka a buɗe ba, ya mayar, ya kuma jera su yadda ya saba. Na yi shekaru a aikin nan, ban taɓa ganin ɓarawon da ke tausayin abin da ya sata kamar wannan ba. Ina allon, Baba?"

Sifana ya daɗe yana kallon notunan, kamar su suka ci amanarsa. Sannan ya sa hannu a aljihun ƙirjinsa ya fito da wani abu a naɗe cikin tsumma mai tsabta.

"Sifana?" Hedimasta ya miƙe yana laluben ƙofar motar. "Me nake ji haka?"

Sifana ya sauko ya tsaya a gaban abokinsa.

"Ni ne. Da na ga injin ya kusa tashi, sai na kasa haƙuri. Na ɗan kankare gefen allon, na ce in riga ka gani in yi murna a ɓoye. Lambar Babanka ai ni ma na haddace ta, a gidanku na ji ta. Ta Baba da bakwai da huɗu take ƙarewa." Ya share ido da bayan hannu. "Wannan da biyu da tara ta ƙare. Ba ita ba ce."

Auta ta matso ta kama kafaɗar mahaifinta.

"Na sayo tagulla zan buga maka lambar Baba in ɗaura, ba za ka taɓa ganewa ba. Na ɗora ƙarfen, na ɗaga guduma, hannuna ya ƙi. Motar da ko noti ɗaya ban yarda an sa mata na jabu ba, ni zan maƙala mata ƙarya a ƙirji? Na kasa yi mata ƙarya, na kuma kasa faɗa maka gaskiya. Shi ne na ce gara a ce ɓarawo ne, ka ci gaba da zatonka."

Hedimasta ya miƙa hannu, aka ɗora masa allon, an riga an kankare fentinsa tas. Ya kai shi dab da gilashinsa, ya juya shi wajen hasken ƙofa, ya bi lambobin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Leɓɓansa suna motsi. Da ya kai ƙarshe ya koma farko. Sufeto ya kawar da kai, don abin ya taɓa shi fiye da yadda yake so Kofur ya gani.

Dattijon ya zauna a matakin motar. Hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin gilashin, bai share ba.

"Na so a ce ita ce," ya ce a hankali. "Wallahi na so."

"Ka yafe ni."

"Kai dai tulu ne, tun muna aji ɗaya." Ya ja numfashi. "Amma da ka buga ta ƙaryar, da ban yafe ba. Wani ne ya tuƙa ta, Sifana. Wani gajere irin Baba, ya sa aka ɗaga masa kujera, shi ma wataƙila yana da yara suna jiransa a gida. Ba za mu ƙwace masa motarsa ba. Mayar mata da abinta."

Sifana ya ɗauko sukurudireba ya sake hawa. Sufeto ya riƙe masa allon, shi kuma ya ɗaure.

Da suka sauko Sufeto ya gyara hularsa ya dawo da muryar aiki. "Baba makanike, sai mun je ofis. Za ka ba da bayani a rubuce, kuma akwai bawan Allah a bayan kanta saboda kai. Da bakinka za ka ba shi haƙuri."

"Ko da ya kawo min fitilar jabu?"

"Ko da ya kawo."

Kofur ya zaro ankwa, Sufeto ya yi masa kallo ɗaya ya mayar da ita aljihu. Da kansa ya kama hannun tsohon suka nufi ƙofa.

"Sufeto!" Hedimasta ya ɗaga murya. "Na janye ƙarata. Ka maido min da ɓarawona kafin yamma, birki bai gama saituwa ba."

"In ya yi ladabi, Baba."

Suna fita, Sufeto ya waiga. Auta ta taimaka wa mahaifinta ya hau kujerar direba, ya ɗora hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan a kan allon.

"Auta," ya ji yana cewa, "karanto min lambar nan daga farko. A hankali, ina so in haddace ta."