Makara Uku Daga Umbadda

Ranar da Mayada ta fara aiki a wani babban kantin kayan masarufi a Khartoum, na'urar danna yatsa ta ƙi karɓar nata sai a karo na biyar. Ta harare ta, ta yi mata tsaki da gunaguni cikin Hausa. Hazim, mai kula da shigowar ma'aikata, ya miƙo mata hankici ya ce da Hausa ta share gumin yatsan tukuna. Kunya ta kama ta, shi kuwa daga nan zuciyarsa ta tafi.

Ita tana shiga wardiyyar yamma, wato aikin ƙarfe biyu, shi kuma ta safe. Minti goma sha biyar kaɗai suke haɗuwa, sauran sai a waya.

“Maya tawa, rubu'in awa ya yi mini kaɗan.”

“Haƙuri, Hazuma. Har ka fi na'urarka ƙorafi.”

Haƙurin ne ya gagare shi. Ranar da yake tsara jadawalin sabon wata, sai ya ɗauke sunanta ya mayar safe, kusa da nasa. Bai tambaye ta ba, yana ganin ai alheri ya yi musu su biyun.

Abin da bai sani ba, kowace Litinin da Alhamis Mayada ce ke kai mahaifinta, Malam Yakubu, wankin ƙoda. Sai ta zaunar da shi a layin asibiti sannan ta nemi motar haye gada daga Omdurman. Dokar kantin kuwa ba ta jin uzuri: takwas da minti goma na'ura ta ja jan layi, layi uku a wata ɗaya sallama ce.

Da ta makara karon farko ta kawo masa ƙarar manaja, wai ya sauya mata lokaci ba tausayi. Nan ya ji labarin asibitin. Amma tsoron zubewar girmansa a idonta ya rufe masa baki. Ya ce a ransa wata mai zuwa zai gyara a ɓoye. Watan bai kai rabi ba layi na uku ya hau, kuma shi aka ba takardar sallamar ya miƙa mata.

Tana cikin motar komawa ta turo masa saƙo.

“Kada ka damu, Hazuma. Ba laifinka ba ne.”

Ya karanta ya fi sau ashirin. Abinci ya daina shiga, har uwarsa ta fara tambayar ko zazzaɓi ne.

Ranar Juma'a ya tafi Umbadda, unguwar su Mayada a Omdurman, ya durƙusa gaban Malam Yakubu, Mayada na tsaye da tiren shayi.

“Baba, manaja bai taɓa jadawalin ba. Ni na sauya, don in riƙa ganinta. Na ji halin da ake ciki kuma na yi shiru.”

Mayada ta ajiye tiren a hankali ta shige ciki. Tsohon ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da bai san yadda gari ke waye mata ba. Ya ƙara da cewa Hamuda, ɗan ƙanwarsa mai raksha, keken haya mai ƙafa uku, shi ma ya yi maganar aurenta.

Litinin da sassafe aka buga ƙofar Malam Yakubu. Hazim ne, tun bayan asuba ya baro unguwarsu ta Hajj Yusuf. Ba wanda ya yi masa maraba, shi ma bai jira ba. Ya tallafi tsohon zuwa rakshar Hamuda, ya riƙe masa layi, ya shiga cunkoson gada. Tara saura kwata ya danna yatsa. Alhamis ma haka, Litinin ta gaba ma haka. Har Hamuda ya gaji da ɗaure fuska, ya fara rage masa hanya zuwa tasha.

Da layinsa na uku ya hau, ya rubuta wa manaja duk abin da ya aikata. Manaja ya mayar da Mayada wardiyyar yamma, shi kuma ya bi doka ya sallame shi.

Kwana goma sha ɗaya ba ta ce masa uffan ba, sai ran nan wayarsa ta yi ƙara.

“Da ka tambaye ni, da na faɗa maka. Baba ya ce ka turo manyanka. Kada su makara.”

Ya samu aiki a wani shagon yadi a kasuwar Omdurman, aka ɗaura aure bayan la'asar a masallacin unguwa. Tun azahar ango yake zaune a sahun gaba, abokai na ta tsokanarsa.

Malam Yakubu ya kama hannunsa ya daɗe bai saki ba.

“Allah ya yi muku albarka, ɗana. Alhamis ka huta, ango ne kai.”

Alhamis da sassafe aka buga ƙofa, ango da amarya ne tsaye a waje.