Harsuna Biyar Ƙarƙashin Tabarma

Shekarar da farashin gyaɗa ya faɗi warwas, zamanin Turawa, fataken Gaya da suka haɗa jari suka wayi gari ba ko anini. Shugabansu Gwadabe ne ya jefa su ramin, don ya yi ta saye ba shawara. Sai suka kafa doka: ba zai ƙara sayen ko mudu ɗaya ba sai dattawa biyar sun zauna kan tabarma sun yarda. Mai kunya da ya gode. Gwadabe kuwa, Allah wadaran halinsa, cin mutunci ya ɗauke shi.

Da rana tsaka ya nufi bayan garin Toranke, wurin wani boka mai zama cikin kogon kuka. Bakin kogon duk busasshen jini, ƙahoni a rataye, ga baƙar tukunya tana tafasa ba wuta.

"Dukiya nake so, tsofaffin nan sun tare ni," in ji Gwadabe. "Kome na kawo, a'a."

"Kawo harsunan bunsuru biyar."

Ya kawo. Boka ya ɗinke su da baƙin zare, ya tofa. "Binne ƙarƙashin tabarmarsu. Ba mai sake ce maka a'a."

"Me zan biya?"

"Ka riga ka biya."

Gwadabe ya je ya binne. Daga ranar dattawa ba su da magana sai "to". Gyaɗa ta tashi, jakunan Gwadabe suka kai ɗari, ya dinga taku kamar shi ya yi kansa.

Da damina kogi ya cika ya batse, Gwadabe ya ce wa ɗansa Badaru ya haye ya ɗauko kaya a Gafasa. Badaru ya san ruwan nan ba ya hayuwa. Ya dubi ubansa, hawaye na zuba, ya ce, "To, Baba."

Bayan kwana uku aka tsinci gawarsa.

Uwarsa Hindatu ta yi ta kuka har Gwadabe ya ƙosa, ya daka mata tsawa. "In kukan ba zai ƙare ba, ki bi shi mana!"

"To, maigida." Ta yafa mayafi ta nufi kogi.

Kafin Gwadabe ya ankara, ruwa ya cinye ta. Ya ruga ya tone ƙarƙashin tabarma. Harsunan na nan ɗanye shar, suna motsi. Nan hankalinsa ya gushe. Duk shirmen da ya umarta aka yi, har jarin mutane ya ƙare kaf.

Na gan shi a kasuwar Gaya cikin tsumma, yana cafke rigar mutane. "Ni na kashe su? Don Allah ka ce a'a!"

Kowa ya ce, "Kai ne."

Kai mai kwaɗayi da aka damƙa wa amanar jama'a, ka ji tsoron Allah. Mai ce maka a'a shi ke tsare maka 'ya'ya.